NAZARI: Ko Ƙaramar Sana'a Na Buƙatar Jami'in Hulɗa Da Jama'a A Wannan Matsi?

Duk wanda ya san harabar Sakatariyar Gwamnatin Tarayya da ke Abuja ya san ba takardun aiki kaɗai ke shiga suna fita ba. A bayan motoci akwai atamfa da shadda da turaren wuta, a cikin jakunkuna akwai kilishi da dambun nama da zuma, a zaurukan WhatsApp na ma'aikatu kuwa hotunan kaya sun kusa fin sanarwar taro yawa. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa cikin watan Yunin shekarar, albashi ya daina kai iyali ƙarshen wata. Gidaje da dama sun jingina da wata 'yar sana'a, ko ta uwargida, ko ta ƙanin da aka ba jari, ko wadda maigida ke shiryawa don ranar ritaya.

Masu sayarwa sun yawaita a daidai lokacin da aljihun masu saye ya yi rauni. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, kafin a sauya ma'aunin lissafin a farkon 2025. A cikin wannan cunkoso ne wata sana'a ta samu kasuwa: matasa masu katin shaida mai sheƙi, masu kiran kansu ƙwararrun hulɗa da jama'a, suna bin masu ƙananan sana'o'i da alƙawarin za su sa sunan shago ya fito a jarida, a ji shi a rediyo, ya karaɗe TikTok da Instagram, in dai za a riƙa biyan su kuɗin wata-wata.

Tambayar ita ce ko wannan kuɗi jari ne ko asara. Ga mafi yawan ƙananan sana'o'i, amsar ita ce lokaci bai yi ba. Akwai 'yan yanayi ƙalilan da ɗaukar ƙwararre ke da amfani sosai. Ga ma'aikacin gwamnati kuma akwai wata tambaya ta doka da ya kamata ya amsa kafin ma a kai ga ta kuɗi.

Me ake saya da kuɗin?

Kasuwar Bahaushe ta daɗe da raba waɗannan ayyuka. 'Yar talla tana ɗaukar kaya ta kai su ƙofar mai saye. Dillali yana haɗa mai kaya da mai bukata ya karɓi la'adarsa in ciniki ya faɗa. Sanƙira kuma shela yake yi, ya ɗaga murya a ji suna, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ruɗanin da ake samu a yau shi ne mai shago ya biya kuɗin sanƙira yana jiran sakamakon dillali.

A tsarin zamani abubuwa uku ne. Na farko talla ce: ka biya gidan rediyo ko jarida ko Facebook, su ba ka fili ka faɗi abin da kake so, kuma kowa ya san biya ka yi. Na biyu masu tarin mabiya a shafukan sada zumunta, 'yan fim da 'yan barkwanci da 'yan TikTok, waɗanda ake biya su ɗaga kaya a gaban kyamara. Wannan ma talla ce, ko da an yi mata shigar hira. Na uku shi ne aikin jami'in hulɗa da jama'a na ainihi: ya gano abin da ke cikin sana'arka da ya cancanci zama labari, ya shawo kan ɗan jarida ya rubuta shi don darajarsa, ya tsara yadda za ka yi magana da abokan ciniki da hukumomi da maƙwabta, ya kuma tsaya maka ranar da magana ta ɓaci.

Ƙimar wannan na ukun tana cikin yardar mai karatu cewa ba saya aka yi ba. Saboda haka ne babu jami'i mai gaskiya da zai ba da tabbacin ranar da labari zai fito ko shafin da zai fito, domin hukuncin yana hannun edita. Wanda ya ce zai sa ka a jaridu biyar ranar Litinin ba makawa, fili yake sayar maka, kuma gara ka san farashin filin daga sashen talla na jaridar kai tsaye.

Lissafin da ake tsallakewa

Binciken da Hukumar Bunƙasa Ƙanana da Matsakaitan Sana'o'i, SMEDAN, ta yi tare da NBS ya nuna akwai irin waɗannan sana'o'i kusan miliyan 41.5 a 2017, suka ragu zuwa kimanin miliyan 39.6 a binciken 2021. Mafi rinjayensu ƙanana ne ƙwarai, waɗanda ma'aikatansu ba su kai goma ba, da yawa ma mutum ɗaya ne da wayarsa. Ga irin wannan sana'a, kowace naira da ta tafi wani wuri an cire ta ne daga jarin kaya.

A ɗauki misali don lissafi kawai. Wata baiwar Allah tana haɗa turaren wuta a Kubwa, ribarta a kowace kwalba naira 1,500 bayan an cire kuɗin kayan haɗi da kwalba da kai wa mai saye. Wani ya nemi ta riƙa biyan sa naira 300,000 a wata. Kafin ta mayar da wannan kuɗi kaɗai, ba tare da ta ci ko sisi ba, sai ta sayar da ƙarin kwalabe 200 a kowane wata a kan abin da ta saba sayarwa. Kuɗin ya haura ninki huɗu na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024, wato zai iya ɗaukar mata yara biyu masu taya ta haɗi da mai babur ɗaya mai kai kaya, har a samu saura. In yarjejeniyar ta wata shida ce, kamar yadda masu wannan aiki kan nema saboda sakamakonsa ba ya zuwa da wuri, ana maganar naira miliyan 1.8 ke nan.

Akwai kuma tambayar da ta fi wannan nauyi: in kwalabe 200 ɗin suka zo, za ta iya haɗa su? Sana'ar da ke aiki da injin niƙa ko firji tana fama da kuɗin wuta, musamman a layin Band A da aka ɗaga farashinsa zuwa naira 225 kan kowane kilowat a Afrilun 2024. Kuɗin kira da na data sun tashi bayan Hukumar Sadarwa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Shagon da suna ya yi wa yawa alhali kayansa ba su isa ba yakan fara saɓa alƙawari, ya rage inganci don ya cika oda, kuma mutanen da shela ta kawo su ne za su fara bayyana takaicinsu a fili. An ce in kana da kyau ka ƙara da wanka, amma sai kyan ya samu tukuna.

Ga wanda zai zuba kuɗin sallamarsa na fansho bayan shekara 35 yana aiki ko cikar shekara 60, lissafin ya fi tsanani, domin babu wani albashi da ke tafe da zai cike giɓin.

Abin da ke faruwa da sanarwarka a ɗakin labarai

Wanda ke zaune a teburin tace labarai yana ganin ɗaya gefen cinikin. A kowace rana takardun sanarwa ga manema labarai suna shigowa fiye da yadda za a iya karantawa, kuma mafi yawansu kamanninsu ɗaya: an buɗe sabon shago, mai shi haziƙi ne, kayansa babu irinsu. Babu labari a cikin wannan, don haka ba a amfani da shi. Abin da ke tsayar da idon edita shi ne abin da ya shafi mai karatu ko da bai taɓa jin sunan shagon ba: mai kiwon kaji da zai iya bayyana da alƙaluma yadda farashin masara ya sauya kuɗin ƙwai, mai ɗinki da ta koya wa 'yan gudun hijira sana'a kuma za a iya zuwa a gan su, mai sarrafa zoɓo da ya samu takardar fitar da kaya waje ya kuma yarda ya faɗi matakan da ya bi.

Jami'i nagari ya san wannan bambanci, kuma shi ne abin da ake biyan sa a kai. Sai dai mai sana'ar da ke da irin wannan labari zai iya aiko da shi da kansa a saƙo mai sakin layi uku da lambar waya, kuma sau da yawa muryarsa ta fi ta ɗan aike armashi.

Akwai kuma gefen da ba a son faɗa. Wani kaso na kuɗin da ake karɓa da sunan hulɗa da manema labarai yana ƙarewa ne a cikin ambulan. Ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya, waɗanda aka amince da su a Ilorin a 1998, sun hana ɗan jarida nema ko karɓar wani abu don ya buga labari ko ya danne shi. Mai sana'ar da kuɗinsa ya bi ta wannan hanya yana sayen rubutun da ba a yi da zuciya ɗaya ba, wanda galibi yakan fito a wasu shafukan intanet marasa masu karatu, kalma ɗaya ba a sauya ba daga wannan zuwa wancan. Za a turo masa adireshin shafuka goma a matsayin shaidar aiki, ya yi murna, amma wayar shago ba za ta yi ƙara ba.

Dokokin da ke kan hanya

Harkar ba a sake take ba kamar yadda ake zato. Cibiyar Hulɗa da Jama'a ta Najeriya, NIPR, wadda aka kafa a 1963, ta samu ƙarfin doka da Dokar Soja mai lamba 16 ta 1990, kuma dokar ta tanadi cewa sai wanda ya yi rajista da ita ne zai yi wannan aiki a matsayin sana'a. Neman shaidar rajista shi ne gwaji mafi sauƙi da mai shago zai fara da shi, domin aƙalla akwai inda zai kai ƙara in an cuce shi.

A ɓangaren talla, dokar 2022 ta maye gurbin tsohuwar hukumar APCON da ARCON, ta kuma faɗaɗa ikonta. Ƙa'idar ita ce a tantance talla kafin a fitar da ita, kuma hukumar ta sanar cewa daga 1 ga Maris ɗin 2023 wannan ya haɗa da masu barkwanci da masu tarin mabiya da masu shafukan intanet. Ana iya muhawara kan ko hukumar na da ƙarfin bin diddigin kowane bidiyo, amma wanda aka kama ba zai kare kansa da cewa kowa ma yana yi ba.

Ga masu abinci da abin sha da kayan shafawa da magungunan gargajiya, akwai NAFDAC, wadda ke bukatar rajistar kaya da kuma izini na daban kafin a tallata su. Nan ne haɗarin ya fi yawa a kasuwarmu, inda ɗan fim ko 'yar TikTok za su ɗaga kwalba su lissafa cututtukan da take warkarwa. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta bayanin ƙarya ko mai yaudara game da kaya. In mai shela ya zuzuta fiye da kima, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, mai kayan ne zai amsa tambayoyi. Kazalika Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Yunin 2023 ta sa sayen jerin lambobin waya a riƙa tura wa mutane saƙon talla ba da yardarsu ba ya zama abin da ke iya jawo hukunci.

Ma'anar duk wannan ita ce shela tana kiran idon hukuma kamar yadda take kiran idon mai saye. Sana'ar da ba ta yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ba, ko kayanta ba su da lambar NAFDAC, ta fara kai kuɗinta can. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta ma sauƙaƙa abin, tunda mutum ɗaya na iya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai.

Tarkon da ke gaban ma'aikacin gwamnati

Wannan sashe ya fi shafar masu karatun da ke karɓar albashi daga baitulmali. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ƙunshi Ƙa'idojin Ɗa'ar Ma'aikata, ya hana jami'in gwamnati mai aikin cikakken lokaci shiga gudanar da kasuwanci ko sana'a mai zaman kanta, in ban da noma. Jerin waɗanda ƙa'idar ta shafa ya haɗa da ministoci, ma'aikatan gwamnatin tarayya da na jihohi, da ma'aikatan majalisun dokoki. Dokokin aikin gwamnati sun yarda ma'aikaci ya mallaki hannun jari, amma ba su yarda ya zama darakta a kamfani mai zaman kansa ba. Hukuncin da Kotun Ɗa'ar Ma'aikata za ta iya yankewa ya haɗa da sauka daga muƙami, haramcin riƙe muƙamin gwamnati har na tsawon shekara goma, da ƙwace dukiyar da aka samu ta hanyar cin amanar ofis.

Kowa ya san ana kau da kai daga mai sayar da atamfa a bayan mota. Amma aikin jami'in hulɗa da jama'a shi ne ya fito da fuskar mai sana'a, ya ba da tarihinsa, ya sa a kira shi shugaban kamfani a rubuce. Mataimakin darakta da ya biya aka buga hirarsa a matsayin wanda ya kafa kamfanin kayan ɗaki kuma yake tafiyar da shi ya rubuta takardar ƙorafi a kan kansa, ya kuma biya kuɗin buga ta. Abin da aka wallafa a intanet yana nan yana jira, kuma yakan fito ne a ranar da ake tantance mutum don ƙarin girma ko naɗi, lokacin da masu neman kujera ɗaya da shi suka fi kowa ƙwazon bincike.

Sa sunan uwargida ko ɗan'uwa ba ya warware matsalar kai tsaye. Ƙa'idojin sun tanadi cewa wanda ya aikata abin da aka hana ta hannun wakili ko amintacce, daidai yake da ya aikata da kansa. In sana'ar ta matar ce da gaske, ita ke saye da sayarwa da riƙe asusu, to haƙƙinta ne ta tallata ta yadda take so, sai dai fom ɗin bayyana kadarori na Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata yana tambayar dukiyar mata ko miji, kuma ya kamata abin da ke cikin fom ya yi daidai da abin da ke cikin jarida. Wanda ke da gonar kaji ko ta kifi yana cikin rangwamen noma, amma da zarar harkar ta koma sarrafa kaya da buɗe shaguna, ya dace ya tambayi lauya inda iyakar take.

Hadiman manyan jami'ai, musamman masu kula da yaɗa labarai, suna da nasu gwajin. Suna da lambobin editoci da wakilan gidajen talabijin, kuma abu ne mai sauƙi a roƙi alfarmar a leƙa bikin buɗe shagon 'yar'uwa. Sakin layi na farko na ƙa'idojin ya hana jami'i sa kansa a inda bukatarsa ta ƙashin kai za ta ci karo da aikinsa. Alfarmar da aka karɓa da sunan ofis bashi ce, kuma ofis ɗin ne za a nemi ya biya wata rana.

Inda ƙwararre ke da rana

Duk da haka akwai lokutan da rashin mai ba da shawara ya fi ɗaukarsa tsada. Na farko shi ne ranar rikici. A Satumbar 2023 wata mata mazauniyar Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco Foods ya yi mata zaƙi da yawa. Kamfanin, wanda ya ce wasu kalaman da ta ƙara a ƙarƙashin rubutun sun ɓata masa suna sun jawo masa asara, ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Aka kama ta, aka kawo ta Abuja, daga baya aka gurfanar da ita a Babbar Kotun Tarayya bisa Dokar Laifukan Intanet. Wanda ke da gaskiya a shari'ance magana ce ta kotu. Abin da ya faru a kasuwa kuwa kowa ya gani: rubutun da zai iya nutsewa cikin kwana biyu ya zama labarin da kafofin duniya suka ɗauka, aka yi ta kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin. Erisco babban kamfani ne mai iya jure girgiza. Gidan abinci mai teburi goma a Gwarinpa da bidiyon ƙorafi ya yaɗu a kansa ba shi da wannan ƙarfi, kuma amsar da mai shi zai bayar cikin fushi a sa'o'in farko ita ke yanke hukuncin ko zai sake buɗewa. Biyan ƙwararre na mako ɗaya ko biyu a irin wannan hali kuɗi ne da ya tafi inda ya dace.

Na biyu shi ne lokacin da abin da ake sayarwa amana ce. Makaranta mai zaman kanta, asibiti, kamfanin gine-gine da sayar da filaye, ko mai shirya tafiyar Umara, duk mutane ba sa miƙa musu 'ya'yansu ko lafiyarsu ko ajiyarsu saboda bidiyon barkwanci. Suna tambaya, suna bincike, suna duba abin da aka rubuta. A nan ribar abokin ciniki ɗaya tana iya biyan kuɗin wata guda, don haka lissafin da ya kayar da mai turare yana iya tsayawa da ƙafarsa.

Na uku shi ne lokacin tsallaka mataki: neman masu zuba jari, shiga manyan kantuna, fitar da kaya ƙasashen waje, ko halartar babban baje koli irin na Kaduna ko Legas ko Abuja. Waɗannan ayyuka ne masu farko da ƙarshe, kuma a kansu ya kamata a yi ciniki, aiki ɗaya farashi ɗaya, maimakon kuɗin wata-wata marar iyaka.

Akwai dalili na huɗu da ba a cika kula da shi ba, wato haɗarin dogaro da dandali ɗaya. Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kusan wata bakwai, kuma masu sana'ar da kasuwarsu ke can sun ji a jikinsu. A Yulin 2024 FCCPC ta ci tarar kamfanin Meta dala miliyan 220, kotun sauraren ƙorafin gasa ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025, har kamfanin ya nuna a takardun kotu cewa zai iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya. Bai rufe ba, amma barazanar ta isa darasi. Mai ba da shawara nagari zai sa ka tara lambobin abokan cinikinka da yardarsu, ka samu suna a rediyo da unguwa da ƙungiyar 'yan kasuwa, yadda rufe wani shafi ba zai rufe shagonka ba.

Kafin a sa hannu

Mafi yawan abin da ƙaramar sana'a ke bukata a shekarunta na farko mai ita zai iya yi da kansa: hoto mai kyau da farashi a bayyane, amsa saƙo a kan lokaci, cika alƙawarin ranar kai kaya, sa shago a taswirar Google, da roƙon wanda ya ji daɗin kaya ya faɗa wa wani. Ƙaramar talla a Facebook ko a gidan rediyon unguwa tana da fa'idar da kuɗin wata-wata ba shi da ita, domin ana iya gwada ta da kuɗi kaɗan, a ƙirga kiran da ta kawo, a tsayar da ita in ba ta yi ba. Littafi ɗaya da za a riƙa rubuta amsar tambayar “a ina kika ji labarinmu?” zai nuna wa mai shago cikin wata uku inda ya kamata kuɗinsa ya tafi.

Wanda ya auna ya ga yana cikin masu bukata, ya nemi shaidar rajista da NIPR, ya nemi sunayen sana'o'i biyu ko uku masu girman tasa da mutumin ya yi wa aiki, ya kira su da kansa. A rubuta yarjejeniya da ta fayyace aikin da za a yi, tsawon lokacinsa, abin da za a auna, da yadda kowane ɓangare zai iya janyewa. A raba kuɗin aikin jami'in da kuɗin da za a kashe wajen talla, kowanne da rasit ɗinsa, a kuma tambaya ƙarara ko akwai abin da za a ba 'yan jarida. Kalmomin sirri na shafukan sana'a su zauna a hannun mai ita, domin an sha ganin wanda ya rabu da mai kula masa da shafi ya rasa shafin da mabiyansa gaba ɗaya. Kada wata magana ta fita da sunan sana'a sai mai ita ya karanta ya amince, tunda shi doka za ta tambaya.

Ma'aunin ƙarshe mai sauƙi ne. In sana'a tana da rajista, kayanta na da izini, tana iya ninka abin da take samarwa ba tare da inganci ya faɗi ba, mai ita yana da 'yancin bayyana fuskarsa a doka, kuma za ta iya rasa kuɗin wata shida ba tare da jari ya girgiza ba, to ta nemi ƙwararre mai rajista ta fara da aiki ɗaya. In ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, kuɗin ya fara zuwa wurin gyara shi.